Ina Gajiyayye Yake Kwana? Daga Zauren Ƙauye Zuwa Yadakunya

A wannan karon tarihin gini za mu duba, amma ba ganuwar Kano ba, ba kuma soron sarki ba, don waɗannan suna da masu ba da labarinsu. Namu shi ne ɗakin da ake gina wa wanda ƙarfinsa ya ƙare: tsohon da 'ya'yansa suka riga shi tafiya, gwauruwar da Allah bai ba ta haihuwa ba, makaho, gurgu, mai fama da kuturta. Kowace al'umma tana da inda take ajiye irin waɗannan bayin Allah, kuma wurin da ta zaɓa musu yakan tona abin da bakinta ba ya faɗa. Wasu a tsakar gida suke sa su, wasu a bakin ƙofa, wasu can bayan gari inda ido ba ya kaiwa.

A Turai abin ya zama gini mai fasalin kansa, kamar yadda kotu ko makaranta take da nata. A Ingila akwai wani ƙauye mai suna Ewelme. A shekarar 1437 wani basarake, William de la Pole, da matarsa Alice suka gina wa matalauta goma sha uku gida a jikin majami'ar ƙauyen. Ɗakuna ne na jan bulo da katako da suka yi wa tsakar gida ƙawanya ta kusurwa huɗu. Baranda mai rufi ta bi gabansu duka, daga nan matakala ta hau zuwa ƙofar majami'a, yadda tsoho zai je sujada ba tare da ruwan sama ya taɓa shi ba. A gefe kuma aka yi makarantar yara. Yau kusan shekara 600 ke nan, har yanzu akwai tsofaffi a gidan, yara kuma suna karatu a makarantar. A birnin Winchester akwai wanda ya girme shi, gidan St Cross, wanda aka kafa a shekarun 1130. Har gobe matafiyi in ya tsaya a ƙofarsa ya roƙa, za a miƙo masa gutsuren burodi da ɗan abin sha. A birnin Augsburg na Jamus kuwa, attajiri Jakob Fugger unguwa guda ya gina wa talakawa, ya rubuta mata ƙa'ida a 1521. Kuɗin hayar ɗaki a can har yau bai kai Yuro ɗaya ba a shekara, sai dai an ɗora wa mazauna yin addu'o'i uku kowace rana domin mai ginin da danginsa.

Ba ƙarfin dutse kaɗai ya kawo waɗannan gidaje zuwa zamaninmu ba. Masu ginin sun bar musu gonaki da kadarori waɗanda kuɗin hayarsu ke biyan gyara da abinci, irin abin da a nan ake kira wakafi. Kuma kada mu ɗauke su mala'iku: sun so a ambaci sunansu, sun so addu'ar talaka ta bi su kabari, sun kuma zaɓi irin talakan da suke so, mai ladabi wanda ba ya tada hankali. Amma akwai abu guda da ya burge ni a tsarin. Kowane tsoho da ƙofarsa. Ba a tara su a ɗaki ɗaya kamar kaya ba.

To, mu dawo gida. Ku zagaya Zakirai, ku bi ƙauyukan Gabasawa da Gezawa ɗaya bayan ɗaya, da wuya ku ga ginin da za a nuna muku a ce wannan gidan gajiyayyu ne tun zamanin kakanni. Mai gaggawar yanke hukunci zai ce ashe mutanen da ba su damu da talaka ba. Ba haka ba ne. A ƙasar Hausa ba a ware wa gajiyayye gini daban ba, domin an saka wurinsa a cikin fasalin gidan kowa.

Ku dubi zaure. Shi ne ɗakin farko da mai shigowa yake tararwa, mai ƙofa biyu waɗanda ba sa kallon juna, don kada idon na waje ya faɗa cikin gida. Mu yanzu mun ɗauke shi wurin hira da ajiye babur. A da kuwa shi ne masaukin wanda ba shi da masauki. Baƙon da dare ya yi masa a hanya, ɗan koli, almajiri, makahon da ke bin kasuwanni da ɗan jagoransa, duk a nan suke shimfiɗa tabarma. Da magariba nan ake fito da tuwo, maƙwabta su haɗa akusansu a yi ciyayya, kuma abin kunya ne a ci a bar wanda aka tarar zaune. Magidanci in ya samu hali, zaure yake fara ƙawatawa kafin ɗakin kwanansa. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali a shanya su bushe, a jera a bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. In soro za a yi, sai a nemo azara, wato faskaren giginya, wadda gara ba ta cika iya mata ba. Azara guda ba ta ɗaukar nauyin rufi in faɗin ya wuce kamar ƙafa shida, shi ya sa magina suka ƙware wajen ɗaura su a kan juna, suna turo su daga bango kaɗan-kaɗan har su haɗu a sama su ba da bakan gizo. Daga waje a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a sa indararo ya riƙa zubar da ruwan rufi nesa da gindin bango. Duk wannan wahala, a kan ɗakin da rabin amfaninsa na baƙo ne.

A cikin gida kuma akwai ɗakin tsohuwa. Sau da yawa ɗan ƙaramin ɗaki ne mai jinka a wani lungu, amma nata ne, da ƙofarta da randarta da 'yar tukunyarta. Akan ba ta jika ya riƙa kwana wurinta yana yi mata aike. Tana kaɗi, tana sayar da daddawa ko kuka, tana da ɗan abin kanta. Sai rumbu, wanda shi ne baitulmalin wannan tsari duka. Da kaka manomi yakan fitar da dami ɗaya cikin goma, ya bar kala da roro ga mata da yaran da ba su da gona. Abin da basaraken Ingila ya rubuta a takarda ya buga hatimi, a nan al'ada ce ta rubuta shi.

Sai dai tsarin yana da rauninsa, kuma bai kamata mu yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Yana aiki ne ga wanda yake da gidan da zai raɓa, kuma yana aiki ne muddin rumbu da hatsi. A wannan yanki namu da gona ke jikin gona, babu saurar da za a sara, gado yana ta tsaga fili har ya koma kamar tabarma. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta nuna yadda magidanta da yawa gonarsu ba ta isa ta ciyar da su ba. Wanda bai ƙoshi ba, da me zai riƙe tsohon maƙwabci? In kuma shekara ta ɓaci, kamar yunwar 1913 zuwa 1914 wadda tsofaffi a wurare da dama suke kira Kakalaba, ko farin 1973, to zaure ba ya iya ɗaukar kowa. A irin wannan lokaci marasa ƙarfi birni suke nufa.

Birnin kuwa yana da nasa tsari tun kafin zuwan Turawa. A farkon 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wani matafiyi Bature mai suna Hugh Clapperton ya sauka a Kano. Cikin abubuwan da ya rubuta har da wata unguwa a cikin ganuwa wadda ta makafi ce zalla. Ya ce ɗakunanta ginannu ne da kyau, wurin kuma tsaf-tsaf. Mazaunanta suna samun wani kaso daga hannun sarki, suna kuma fita bara kasuwa. Har ya lura cewa mai ido ɗaya ma sai jefi-jefi ake karɓarsa. An gaya masa guragu su ma suna da irin tasu. In ana neman abin da ya fi kama da gidajen can na Ingila a tarihin ƙasar Kano, to ga shi nan, kuma har yau akwai unguwar da ake kira Makafin Dala a birni. Bambancin shi ne, a nan ba wani attajiri ke tsara wa mazauna yadda za su zauna ba. Suna da sarautarsu. Sarkin makafi, sarkin kutare, sarkin guragu, kowanne yana sauke baƙon da ya zo daga ƙauye, yana raba rigima, yana kai kukan jama'arsa fada.

Karin maganarmu ma shaida ne cewa waɗannan mutane a cikin jama'a suke, ba a bayan duniya ba. Da ba a ciniki da mai kuturta a kasuwa, da ba a ce kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano ba. Da wanzami ba ya taɓa kansa, da ba a ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski ba. Akwai ƙyama, wannan gaskiya ne, musamman wajen aure da cin abinci kwano ɗaya. Amma kora zuwa daji, irin wadda aka sani a wasu ƙasashe, ba ita ce ɗabi'ar Hausawa ba.

Wannan ya kawo mu ga gine-ginen da suka fi shafar tarihin ikilisiya a ƙasar Kano, wato mazaunan masu kuturta.

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, saboda haka shekara da shekaru ba a bar 'yan mishan su kafa aiki a cikin masarautun Musulmi ba, sai ɗaiɗaiku kamar na Zariya. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne ciwo. Kuturta ta yi yawa a Arewa, hukumomin gargajiya suna da 'yan sansanoninsu amma ba likitoci. A 1936 wani masanin cutar, Dokta Ernest Muir, ya zagaya Nijeriya a madadin wata ƙungiyar Birtaniya mai yaƙi da kuturta, ya ba da shawarar kowane lardi ya samu babban mazauni guda, a kuma danƙa shi hannun mishan. A wajejen 1937 aka daidaita. Mishan ɗin SIM, wadda daga cikinta ECWA ta fito a 1954, ta karɓi na Kano da na Katsina da na Sakkwato. Wanda ya ja ragamar aikin shi ne Albert Helser, Ba'amurken da ya yi aiki a Garkiɗa tun 1923 kafin ya koma SIM. Sarakunan lokacin, Abdullahi Bayero a Kano, Muhammadu Dikko a Katsina, da Sarkin Musulmi Hassan a Sakkwato, su suka yarda. Fili daga hukumar gargajiya, wani kaso na kuɗi daga baitulmali, wani daga masu taimako a Amurka da Ingila, ma'aikata daga mishan. An kuma gindaya wa 'yan mishan sharuɗɗa a kan wa'azi, don kowane ɓangare yana kaffa-kaffa da ɗan'uwansa.

A Kano an fara da Sumaila, daga baya aka dawo kusa da birni, Yadakunya, a cikin ƙaramar hukumar Ungoggo ta yanzu. Da yawa sun fi sanin wurin da asibitin Bela. Na Katsina shi ne Babbar Ruga, na Sakkwato Amanawa. Ku tsaya ku saurari sunan na Kano da kyau: ya da kunya. Mutum ya yar da kunyar da ta sa yake rufe tabon jikinsa da riga, ya fito a yi masa magani.

Me ya sa aka gina ƙauye sukutum, ba asibiti kawai ba? Dalilin yana cikin maganin. Tun 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe, Armauer Hansen, ya gano ƙwayar cutar, amma maganin da ake da shi a shekarun 1930 shi ne man 'ya'yan wata itaciya ta ƙasar Indiya da ake kira colmugra. Allurarsa ake yi a fata da tsoka, mako bayan mako, da zafi ƙwarai, kuma sai a shekara biyu, uku, biyar ana yi, wani ya samu sauƙi wani bai samu ba. Mutumin da zai yi shekaru a wuri ba gado yake bukata ba, gida yake bukata. Saboda haka a irin waɗannan mazaunai gini iri biyu ne. Akwai na hukuma: ɗakin allura, ɗakunan kwantar da waɗanda ciwo ya kayar, ma'ajiyar magani, makaranta, da gidajen Turawa masu baranda can gefe guda, waɗannan su aka fi yi da kayan da ke jimrewa, a rufa da kwano. Sai kuma na jama'a: ɗakunan ƙasa masu jinka irin na kowane ƙauye, sai dai a jere suke bisa layi yadda mai duba tsafta zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu sauran ƙarfi a cikin majinyata su ne magina, su ne manoma, don kewaye da mazaunin gonaki ne, kuma noman yana cikin abin da ke ciyar da wurin. Musulmi suna da wurin sallarsu, masu bi suna da ɗakin sujada.

In kun lura, wannan ba zaure ba ne, ba kuma unguwar makafi ta cikin ganuwa ba ce. Sabon abu ne a ƙasar: jinƙai mai rajista, mai awo, mai iyaka, a bayan gari. Ya kawo abinci da magani da karatu ga mutanen da ba wanda ya taɓa ba su, ya kuma kawo rabuwa. Ginin da ya fi ba ni tausayi a tsarin duka shi ne gidan renon jarirai. Likitocin lokacin sun tabbata cewa yaro ya fi saurin kamuwa, don haka akan ɗauke jaririn da aka haifa lafiya daga hannun uwarsa a rene shi daban. Da kyakkyawar niyya aka yi, amma ku sa kanku a matsayin uwar da nononta ke zuba, ɗanta kuwa yana wani ɗaki a hannun wasu. Yau an san cewa kuturta ba gado ba ce, mafi yawan mutane jikinsu ba ya ma karɓarta, kuma wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa ta. Su ba su da wannan sani, ba su kuma da wannan magani.

Mafi yawan waɗanda suka shiga mazaunan nan Musulmi suka shiga, Musulmi suka fita. Amma wasu sun ba da gaskiya a can, musamman matasa da yaran da suka tashi a makarantun wurin. Daga cikinsu aka samu masu yin allura, malaman asibiti, malaman makaranta da masu bishara; wasu suka wuce makarantar mishan ta Roni, wasu makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa. Wata masaniyar tarihi, Shobana Shankar, ta bi diddigin wannan, ta nuna cewa mazaunan kutare suna cikin manyan tushen Kiristancin Hausawa a waɗannan masarautu. Wato in ana lissafa inda ikilisiyar Hausa ta yi jijiya, bayan Wusasa da ƙauyukan Maguzawa, dole a ambaci Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Ba kowa ke son a ambata ba. Akwai gidajen da in an tambayi asalinsu sai a tsallake wannan babi, saboda tsoron abin da zai biyo baya ranar neman aure. Kunyar da sunan wurin ya ce a yar, jikoki sun sunkuya sun tsince ta.

Abin da ya sauya komai ƙwayar magani ce 'yar ƙarama. A ƙarshen shekarun 1940, a mazaunin Uzuakoli da ke gabashin Nijeriya, Dokta John Lowe ya nuna cewa dafson, maganin haɗiya mai arha, yana kashe cutar in an ba da shi daidai kima. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta shiga raba shi a ƙananan ɗakunan shan magani na karkara. Mutum ya zo ranar da aka sa masa, ya haɗiya, ya koma gonarsa. Dubun dubatar mutane suka samu magani ba tare da sun bar garinsu ba. Daga baya, a farkon shekarun 1980, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo haɗin magunguna wanda ke warkarwa cikin wata shida zuwa shekara guda, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi.

To, ƙauyen da aka gina domin dogon jinya, me zai zama in jinya ta gajarce? Waɗanda suka warke da jikinsu cikakke suka tafi. Waɗanda suka rage su ne waɗanda maganin ya tarar a makare. Cutar tana kashe jijiyoyin ji, mutum ya taka ƙaya ko ya ɗauki tukunya mai zafi bai sani ba, gyambo ya shiga, yatsu su tafi, ido ya lalace. Ƙwayar cuta ta mutu, amma hannun da zai riƙe fartanya babu. Wasu kuma sun yi shekara ashirin rabonsu da gida, gonar gado an raba, matar ta yi wani aure. Sai suka zauna a gefen asibitin, suka auri juna, suka haifi 'ya'ya lafiyayyu, suka tsufa. Ba wanda ya zana wannan a takarda, amma a hankali mazaunin jinya ya rikiɗe ya zama gidan gajiyayyu.

Abin mamaki, haka ta taɓa faruwa a Ingila. A ƙauyen Harbledown, a bakin hanyar shiga Kantabari, babban bishop Lanfranc ya kafa wa kutare mazauni a wajejen 1084. Da cutar ta ja baya a ƙasar bayan ƙarni uku ko huɗu, wurin ya koma gidan tsofaffi matalauta, kuma haka yake har yau. Tsohuwar majami'arsa tana nan tsaye, daɓenta a karkace, ana cewa an yi shi haka ne don a riƙa kwarara ruwa a wanke bayan kutare sun fita. Tafiyar da ta ɗauke su ɗaruruwan shekaru, Yadakunya ta yi ta cikin rayuwar mutum guda.

Inda muka rabu da su shi ne wajen abin da zai riƙe wurin. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi yawancin asibitocin mishan, har da waɗannan. Asibitin ya samu mai shi: Yadakunya asibitin gwamnatin Jihar Kano ne yanzu, yana duba cututtuka iri-iri. Amma unguwar tsofaffin da ke gefensa ba asibiti ba ce, ba kuma wakafi ba ce. Babu gonakin haya da aka rubuta da sunanta kamar na Ewelme. Abin da ke riƙe da ita shi ne 'ya'ya da jikoki, da bara, da ƙungiyoyin agaji, da masu kai ziyara lokacin azumi ko Kirsimati ko ranar tunawa da masu kuturta a Lahadin ƙarshe ta watan Janairu. Birni kuma yana ta matsowa, filin da a da ba mai so yanzu ya zama abin sha'awar masu yanka fuloti. A ƙetaren iyaka labarin ya ɗan bambanta. A Danja, kudu da Maraɗi, SIM ta buɗe irin wannan wuri a 1956, bai fita daga hannunta ba, kuma a 2012 aka ƙara masa sashen mata masu yoyon fitsari, wato wasu da su ma ciwo ke raba su da gidajensu.

Sai maganar ginin kansa. Ginin ƙasa ba ya haƙuri da sakaci. Dutse za ka iya mantawa da shi shekara hamsin ka dawo ka same shi, amma bangon tubali yana so a bi shi da yaɓe kafin damina, a gyara indararo, a sake jinka in ta ruɓe. Damina uku ko huɗu ba hannu a kansa, sai ya koma gonar da aka ɗebo shi. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna tsaye ne don akwai hukumar da ke lura da su, masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina kuwa sai da aka lulluɓe shi da wani gini. Ɗakin makaho na zamanin Dabo ba mai yi masa wannan gata, haka ma ɗakin majinyacin 1940. Ni ban ga laifin wanda ya rushe ɗakin ƙasa ya yi na bulo don tsohonsa ya huta da yoyo ba. Ba za a bar mutum cikin wahala don mu samu abin nuna wa baƙi ba. Abin da ke damuna shi ne a rushe ba a auna ba, ba a zana ba, ba a tambayi mai ɗakin ba. Sabbin gidajenmu na bulo ma, ku duba ku gani, da yawa get ne da gareji, zauren ya fita daga zane, kuma ba a sa komai a gurbinsa ba. Gidan gajiyayyu na gwamnati da ke Shahuci a birni ba zai ɗauki tsofaffin ƙananan hukumomi 44 ba.

A Bergen, garin su Hansen, tsohon asibitin kutare ya zama gidan tarihi, rajistar majinyatansa kuma UNESCO ta sa ta cikin takardun da duniya ke adanawa. Namu takardun a warwatse suke: wasu a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, cikin fayil-fayil na Lardin Kano, wasu a ma'ajiyar SIM a Amurka. Su kuwa takardun nan muryar jami'i da ta likita ce a ciki, adadi da kasafi da rahoton shekara. Ina rijiya take, wa ya gina layin farko, a wane ɗaki ake ajiye jarirai, ranar da aka daina allurar mai aka koma ƙwaya me mutane suka ce, wannan duk yana bakin tsofaffin wurin ne. Yaron da aka kai Yadakunya yana ɗan shekara goma a 1950, in yana raye, yanzu ya haura tamanin.

Ƙungiyar matasa mai wayoyi ashirin a aljihu tana iya wannan aiki cikin rani guda. A fara da mai unguwa da hukumar asibiti, a nemi izini. A je da gaisuwa irin wadda ake kai wa kaka, a zauna a tabarmar da aka shimfiɗa, in an miƙo ruwa a sha. A ce Baba, a ce Inna, kada a kira kowa da sunan ciwonsa. A ɗauki murya in mai maganar ya yarda, a auna tsofaffin ɗakuna da igiya a zana su a takarda, a rubuta sunan kowane layi yadda mazauna ke kiransa. Hoto kuwa na bango da ƙofa da bishiya ya isa. Ba a ɗaukar hannun mutum ko ƙafarsa a watsa a Facebook. In an gama, a buga kwafi biyu, ɗaya a ajiye a majami'a, ɗaya a mayar wa mutanen unguwar, a karanta musu da baki don su gyara inda aka ji ba daidai ba.